TSARKIN TUFAFI DA HUKUNCIN WANKI A CIKIN GIDA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da ruwa daga sama Ya sanya shi abin tsarkakewa ga bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, maganar wannan fili a wannan mako ta shafi wani aiki ne da ake yi kullum a kowane gida, amma kaɗan ne suke ɗaukarsa a matsayin al'amarin addini, watau wankin tufafi. Duk wanda ya ratsa garin Gaya ko Kademi ko Shagogo da hantsi, ko ya bi ta Ajingi da Toranke da Balare, ba zai rasa ganin kaya a shanye a kan igiya ko danga ko katanga ba. Ƙasar Gaya kuwa tsohuwar ƙasa ce, har tarihi ya nuna cewa maƙeran nan Abagayawa da suka zauna a gindin Dala tun farkon kafuwar Kano daga can suka fito. Tun zamanin Sarkin Kano Yaji (1349-1385) da Wangarawa suka zo da Musulunci, mazhabar Imamu Malik ce ake bi a wannan yanki, da ita ake salla, da ita ake hukunci. Saboda haka a kan wannan mazhaba za a gina bayanin da ke tafe.

Dalilin da ya sa maganar ta zama babba shi ne, tsarkin tufa yana daga cikin abubuwan da salla take rataye da su. Allah Ya umarci ManzonSa da tsarkake tufafinsa a aya ta 4 ta Suratul Muddassir, wadda tana cikin surorin farko da aka saukar. A aya ta 222 ta Suratul Baƙara kuma Ya bayyana ƙaunarSa ga masu tuba da masu tsarkaka. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Manzon Allah, mai tsira da aminci, ya wuce kaburbura biyu ya ba da labarin ana azabtar da mutanen cikinsu, ɗaya saboda annamimanci, ɗayan kuwa saboda ba ya kiyaye kansa daga fitsari. To, abin da ya isa ya jawo azabar kabari ai bai kamata a ɗauke shi wasa ba.

BAMBANCIN DAUƊA DA NAJASA

Abu na farko da ya kamata mai wanki ya sani shi ne, dauɗa dabam, najasa dabam. Rigar manomi da ya yini yana huɗa a gonar gero ko gyaɗa, ta sha gumi da jar ƙasa, mai dauɗa ce amma tsarkakka ce, idan ya yi salla da ita sallarsa ta inganta. Farar shadda kuwa wadda ta sha sitati da bugu tana ƙyalli, idan fitsari ya ɗiga a kanta ya bushe, to mai najasa ce ko da ido bai ga kome ba.

Abubuwan da suka fi samun tufafi daga najasa su ne fitsari da kashin ɗan Adam, babba ko jariri, da jinin da ya kwarara, da jinin haila da na biƙi, da mugunya, da maniyyi da maziyyi da wadiyyi, da aman da ya jirkita daga kamannin abinci. Haka nan fitsari da kashin dabbar da ba a cin namanta, kamar jaki da doki da alfadari. Amma fitsari da kashin akuya da tunkiya da saniya da raƙumi da kaza, waɗannan masu tsarki ne a mazhabar Malik, sai fa idan dabbar tana kiwo a kan najasa, kamar kajin da ke tona a bakin masai. Wannan sauƙi ne babba ga mutanen karkara da suke kwana gida ɗaya da bisashensu. Gumi da yawu da majina da hawaye na kowane mai rai su ma masu tsarki ne, haka tumbuɗin jariri idan nonon bai jirkita ba.

Game da fitsarin jariri namiji wanda bai fara cin abinci ba, malaman Shafi'iyya da Hambaliyya sun ce yayyafa ruwa ya wadatar, suna kafa hujja da hadisin Ummu Ƙaisi 'yar Mihsan. Amma abin da ya shahara a mazhabar Malik shi ne a wanke, namiji ne ko mace.

RARRABE KAYA KAFIN A JIƘA

Kowace mace mai hankali ta san ba a haɗa farar riga da sabuwar atamfa ko baƙin rini a baho ɗaya, domin launi zai zuba ya ɓata farin. To, kamar yadda ake rarrabe kaya don gudun ɓarnar launi, haka ya kamata a rarrabe su don gudun yaɗuwar najasa, wannan rarrabewa ma ita ta fi cancanta a fara da ita. Kayan wanki sun kasu kashi uku.

Kashi na farko, tufafin da aka tabbata najasa ta same su, kamar ƙunzugun jariri, da zanen goyo, da shimfiɗar yaro mai fitsarin kwance. Idan an san wurin da najasar take, wurin kaɗai ya wajaba a wanke. Idan an tabbata ta samu tufar amma wurin ya ɓace, sai a wanke duk inda ake tuhuma, in ta kama a wanke tufar baki ɗaya.

Kashi na biyu, tufafin da ake shakka ko najasa ta same su ko ba ta same su ba, kamar wanda jaki ya yi fitsari kusa da shi, bai sani ba ko ya fantsar masa. Hukuncin wannan shi ne yayyafi, watau a ɗebi ruwa da hannu a watsa sau ɗaya ta wajen da ake shakka, shi ke nan. Idan kuwa wani ruwa ya fantsar wa mutum a hanya, bai san ko najasa ce ko ba najasa ba ce, to babu kome a kansa, ko yayyafin ma bai hau kansa ba, domin asalin abubuwa tsarki ne. Duk yaron da ya karanta Ahalari a makarantar zaure ya wuce ta kan waɗannan mas'aloli, sai dai sau da yawa karatun yakan tsaya a zaure, bai shiga cikin gida inda ake wankin ba.

Kashi na uku, tufafin da dauɗa ce kawai a jikinsu. Waɗannan a wanke su yadda aka ga dama.

Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne a kwashi kashi ukun nan a danna su cikin daro ɗaya, a zuba ruwa rabin bokiti da omo, a bar su su jiƙa. Da zarar fitsarin da ke jikin ƙunzugu ya narke ya canja ruwan, to ruwan ya zama najasa, duk tufar da ke cikin daron kuma ta ɗauka, har da rigar sallar maigida da hijabin uwargida waɗanda da ma dauɗa ce kaɗai a jikinsu. Ko ruwan bai canja ba ma, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya tafi a kan cewa najasa kaɗan tana ɓata ruwa kaɗan, kamar yadda yake a littafinsa Risala. Hanyar kuɓuta ita ce a fara da tufa mai najasa ita kaɗai, a kankare abin da ke kankaruwa, a kwarara mata ruwa har najasar ta tafi, sa'an nan a haɗa ta da sauran kaya. Wannan tsari shi ne wanda Manzon Allah ya koya wa matar da ta tambaye shi game da jinin haila a jikin tufa, a hadisin da Asma'u 'yar Abubakar ta ruwaito: a kankare, a murje da ruwa, a zuba ruwa, sa'an nan a yi salla da ita.

RUWAN KUMFA DA ƊAURAYA

A nan ne mas'alar da ta fi ɓuya ga mutane take. Ruwan da ke gusar da hukuncin najasa a mazhabar Malik shi ne ruwa tsantsa, wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canja da wani abu da aka zuba masa ba. Ruwan sama da na rijiya da na famfo da na kogi duk suna cikin wannan, ko da sun yi jaja-jaja saboda ƙasar da suke kwance a kanta, gama canjin da ƙasa ta jawo ba ya cutarwa. Amma ruwan da aka kaɗa omo ko sabulu a cikinsa har ya yi kumfa, ya canja da abu mai tsarki, saboda haka shi mai tsarki ne a kansa, amma ba ya tsarkake waninsa. Yana fitar da dauɗa, yana ma gusar da jikin najasar, sai dai hukuncinta yana nan a jikin tufar har sai ruwa tsantsa ya bi ta kanta.

Ma'anar wannan ita ce, ɗauraya ita ce tsarkin. Wanda ya saɓa riga mai najasa ya cuɗa ta har ta yi fari fat, sa'an nan ya tsoma ta cikin ruwan ɗaurayar da tuni ya yi kauri da kumfar kayan da suka gabata, ya matse ya shanya, ya yi tuya ya manta da albasa. Abin da ake so shi ne a zuba wa tufar ruwa mai kyau har ya riƙa fita babu alamar najasa a cikinsa. Ba a bukatar niyya, ba a ƙayyade sau uku ko sau bakwai ba, matsewa ma ba sharaɗi ba ce. Idan ruwan yana fita da launin rinin tufar, kamar yadda yadin da aka rina da baba yake yi, wannan ba ya hana tsarki, tun da rinin mai tsarki ne. Idan kuma an wanke iyakar ƙoƙari amma tabon jini ya ƙi fita, an yafe, kamar yadda ya zo a hadisin Haulatu 'yar Yasar wanda Abu Dawuda ya ruwaito.

Zafin rana ba ya tsarkake tufa a wannan mazhaba, dutsen guga ma haka, turare kuwa sai dai ya rufe wari. Masu injin wanki su ma hukuncinsu ɗaya ne: su gusar da najasar tukuna kafin su jefa tufar ciki, su kuma tabbata zagayen ƙarshe na ruwa tsantsa ne. Wanda yake kai kayansa wurin mai wanki da guga, ya kyautu ya tsarkake wurin najasar da kansa kafin ya miƙa, ko ya gaya masa, domin mai wanki kayan gidaje da yawa yake haɗawa. Kayan gwanjo kuma a wanke su kafin a yi salla da su, tun da ba a san halin wanda ya sa su a da ba.

ABUBUWAN DA SHARI'A TA YAFE

Addinin Musulunci bai zo don ya ƙuntata wa kowa ba. Shaihu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14 mai littafin Muhtasar, ya kawo jerin abubuwan da aka yafe saboda wuyar kiyaye su. Daga ciki akwai tufar mace mai shayarwa, idan tana iyakar ƙoƙarinta wajen kauce wa fitsarin jaririnta amma duk da haka yana samunta, sai dai an so ta keɓe zane guda na salla idan tana da hali. Akwai jini ko mugunya da bai wuce faɗin dirhami ba, wanda malamai suka kwatanta da baƙin da'irar nan da ke cikin ƙafar gaba ta alfadari. Akwai taɓon hanya a lokacin damina, ko da akwai najasa a gauraye da shi, muddin ba ita ta rinjaya ba. Akwai mai yoyon fitsari wanda yake zubo masa kullum ba da son ransa ba. Mahauci ma an yi masa rangwame kan jinin da ke fantsar masa a bakin sana'arsa idan yana ƙoƙarin kiyayewa.

Wanda ya yi salla da najasa bisa mantuwa ko rashin sani, bai gani ba sai bayan ya sallame, sallarsa ta yi, amma an so ya sake ta idan lokaci bai fita ba: Azahar da La'asar har zuwa lokacin da rana ta yi fatsi-fatsi, Magariba da Lisha har zuwa ketowar alfijir, Asuba har zuwa fitowar rana. Wanda ya tuna yana cikin salla sai ya yanke ya gusar da ita, sai fa idan yana tsoron fitar lokaci. Wanda kuwa ya sani, yana da ikon wankewa, ya yi ganganci ya yi salla a haka, to ya jefa sallarsa cikin hatsari, wajibi ne ya sake ta bisa zancen da ya ce gusar da najasa wajibi ne.

Saboda haka kada wanda ya karanta wannan ya faɗa cikin waswasi, ya riƙa wanke abin da yake tsarkakke yana maimaitawa har wankin hula ya kai shi dare. Yaƙini ba ya gushewa da zato. Nana A'isha ta ba da labarin yadda takan wanke wurin da ya ɓaci kaɗai a tufar Manzon Allah, ya fita masallaci alhali danshin ruwan yana nan a wurin.

HAƘƘIN MAI WANKI DA HAƘƘIN MAƘWABCI

Yawancin wankin gida mata ne suke yinsa, su da 'yan mata. Malaman Malikiyya sun lissafa wankin tufafin miji a cikin hidimar cikin gida da ke kan mace bisa al'ada, idan ba ta cikin waɗanda a gidansu ake yi musu hidima. Amma sun kuma bayyana cewa samar da ruwan sha da na wanki da na tsarki yana cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji. A lokacin bazara, sa'ad da rijiyoyi suke ja baya, 'yan garuwa suke ƙara kuɗin jarka, magidancin da ya sayi jarka biyu ya ce a yi girki da wanka da wankin mutum goma, shi ne ya hana a yi ɗauraya yadda ya kamata, laifin kuma ba zai tsallake shi ba. Wankin ƙannen miji da na baƙinsa bai wajaba a kan mace ba, idan ta yi kyautatawa ce, a gode mata. Namiji ya wanke rigarsa da hannunsa kuwa ba abin kunya ba ne. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah yakan kasance cikin hidimar iyalinsa har lokacin salla ya yi, a wata ruwaya ta Imamu Ahmad ma an ambaci yana ɗinke tufarsa yana gyara takalminsa.

Babban haƙƙin da ya fi wannan shi ne ilmi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya yi kakkausar suka a littafinsa Nurul Albabi ga malaman da suke karantar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ba su san hukuncin tsarki da salla ba. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru don isar da irin wannan ilmi ga matan ƙauyuka. To, tun da tsarkin tufar gida duka a hannun mai wanki yake, magidancin da bai sanar da iyalinsa waɗannan mas'aloli ba, bai kuma bar su sun je Islamiyya sun koya ba, ya bar sallarsa da tasu a hannun sa'a.

Maƙwabci shi ma yana da haƙƙi. Ruwan wankin da ake saki ta rariya ya kwanta a lungu, yana wari, sauro yana haihuwa a ciki, masu zuwa masallaci suna tsallake, cutarwa ce, alhali hadisin Muslimu ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin rassan imani. Haƙa ɗan rami a cikin gida inda ruwan zai nutse ba ya cin kuɗi mai yawa.

Wanke ƙunzugu da shimfiɗar majinyaci a bakin rijiya ya fi wannan muni, domin ruwan yana komawa inda jama'a suke sha. A shekarar 2021 cutar kwalara, watau amai da gudawa, ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya bisa ƙididdigar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, fiye da 3,000 suka rasu, Jihar Kano kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ƙwayar wannan cuta a cikin kashin majinyaci take, ta ruwa kuma take yaɗuwa. Saboda haka kayan mai gudawa a keɓe su, a jiƙa su a tafasasshen ruwa ko ruwan bilic, a wanke nesa da rijiya, a zuba ruwan a masai, a ɗauraye da ruwa tsantsa, a shanya a rana, mai wankin kuma ya wanke hannunsa da sabulu.

Haka nan tura yara wanki a kududdufi idan damina ta sauka. Likitoci sun tabbatar cewa tsutsar da ke kawo tsargiya, watau fitsarin jini, tana girma ne a jikin ƙananan dodon koɗi da ke cikin ruwan da ba ya gudu, tana shiga jikin mutum ta fata idan ya tsaya a ciki, ƙwanta kuma yana komawa ruwan ta hanyar fitsarin mai cutar. Manzon Allah ya hana yin fitsari a cikin ruwa mai tsayuwa, kamar yadda Buhari da Muslimu suka ruwaito, ga shi ilmin zamani ya nuna ɗaya daga cikin hikimomin wannan hani. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, maganin cutar yana nan, kada a ce alamar balaga ce.

Daga ƙarshe, duk abin da mai wanki ya tsinta a aljihu, kuɗi ne ko takarda, amana ce, ya mayar wa mai ita. Takardar da ke da sunan Allah ko ayar Alƙur'ani a cire ta kafin a jiƙa tufar. Wanda kuma ya yi niyya da wankinsa cewa yana tanadar wa kansa da iyalinsa tufar da za su tsaya da ita gaban Ubangijinsu, to aikin nan da ake ganin na gajiya ne kawai ya zama ibada mai lada.

Allah Ya tsarkake zukatan Musulmi kamar yadda ake tsarkake farar tufa, Ya karɓi sallolinsu, Ya ba matan da ke wahala a kan wannan hidima lada mai yawa, Ya ba magidanta ikon sauke nauyin da ke kansu, amin. Allah Shi ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya so.